Mabel Dove Danquah: Tantance Abin da Ake Faɗa a Kan 'Yar Jaridar da Ta Shiga Majalisa a 1954

Sunan Mabel Dove Danquah yana cikin sunayen da ba a tsallakewa a duk lokacin da aka zo lissafa matan Afirka ta Yamma da suka riga saura shiga aikin jarida da siyasar jam'iyya, kuma kusan duk inda aka ambace shi sai an haɗa shi da wasu kirare-kirare waɗanda marubuta ke kwafa daga juna ba tare da sun tsaya sun duba tushensu ba. Ana cewa ita ce mace ta farko da aka zaɓa zuwa majalisar dokoki a nahiyar Afirka, ana cewa ita ce Marjorie Mensah, marubuciyar da ta girgiza masu karatun jarida a birnin Accra a farkon shekarun 1930, ana kuma cewa ita ce mace ta farko da ta zama editan jarida a ƙasar Ghana. Kowace daga cikin waɗannan maganganu tana da ƙamshin gaskiya, amma ba kowacce ce take tsayawa da ƙafafunta yadda aka saba faɗarta ba, kuma mace irin wannan, wadda ta shafe kusan shekara arba'in tana riƙe da alƙalami, ta cancanci a san ainihin abin da ta aikata maimakon a lulluɓe ta da yabon da duk wanda ya zo da hujja zai iya yaye shi.

Tantance gaskiyar labari, wato bin diddigin magana har zuwa ga takarda ko shaidar da ta fito daga gare ta, aiki ne da bai kamata ya zama baƙo ga mai karatun Hausa ba, domin ya yi kama da abin da malaman hadisi suke yi idan suka ƙi karɓar magana sai sun ga salsalar waɗanda suka ruwaito ta, suka kuma auna kowane mutum da ke cikin salsalar. Masana tarihi suna raba shaida gida biyu. Akwai shaidar asali, wato abin da aka rubuta a lokacin da abin ya faru, kamar kwafin jaridar da ta fito a ranar, da gazet ɗin gwamnati da ya sanar da sakamakon zaɓe, da kundin muhawarar majalisa, da takardun kotu; akwai kuma shaidar da ta biyo baya, wato littattafai da maƙalu da aka rubuta daga baya bisa dogaro da na farkon, ko kuma, kamar yadda ya fi faruwa, bisa dogaro da junansu. Idan littattafai goma suka faɗi magana ɗaya, amma tara daga cikinsu sun kwafo ne daga na goman, shaida ɗaya ce ke hannun mai bincike, kuma yawan maimaita ta ba ya ƙara mata nauyi ko kaɗan.

An haifi Mabel Ellen Dove a Accra, babban birnin ƙasar da Turawan Ingila ke mulka a lokacin da sunan Gwalkwas, wadda ta zama Ghana ranar 6 ga Maris 1957. Mahaifinta, Francis Dove, lauya ne ɗan asalin Saliyo da ya zauna a Accra ya yi suna da dukiya, mahaifiyarta kuwa, Eva Buckman, 'yar kasuwa ce daga unguwar Osu. Tun tana ƙarama aka kai ta Freetown, inda ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta Annie Walsh, daga nan aka tura ta Ingila, inda ta koyi aikin sakatariya, wato buga tafireta da rubutun gaggawa, ba da son mahaifinta ba. Wannan tarihin na gida biyu shi ya sa wani lokaci ake lissafa ta cikin marubutan Saliyo, wani lokaci cikin na Ghana, kuma babu laifi a cikin ko wanne matuƙar ba a sauya mata wurin haihuwa ba. Shekarar haihuwar ce aka samu saɓani a kanta, domin wasu tsofaffin littattafan tarihin marubuta sun ba da 1910, alhali binciken da aka yi daga baya ya tsaya a kan 1905. Hanya mafi sauƙi ta auna shekarun biyu ita ce a ɗora su a kan sauran abubuwan da aka sani: ta koma Gwalkwas a 1926 bayan ta gama karatu a ƙasashe biyu, ta kama aikin tafireta a kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, kuma wannan ya fi dacewa da budurwa 'yar shekara ashirin da ɗaya fiye da yarinya 'yar shekara goma sha shida.

Sunan Danquah da ke manne da nata shi ma yana iya ɓatar da mai karatu. Ta auri J. B. Danquah, lauya kuma mai jaridar da ta fara yin suna a cikinta, a shekarar 1933, suka haifi ɗa namiji guda, auren kuma ya mutu a shekarun 1940. Wanda ya san cewa Danquah yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar UGCC a 1947, kuma shi ne babban abokin hamayyar Kwame Nkrumah har ya rasu a kurkukun Nsawam a 1965, zai iya zaton matar da ke ɗauke da sunansa a ɓangarensa take. Gaskiyar ita ce ta bi jam'iyyar CPP ta Nkrumah, wadda aka kafa a 1949, ta zama ɗaya daga cikin alƙaluman da suka fi kaifi a jaridar jam'iyyar, kuma a zaɓen da ya kai ta majalisa a 1954 shi Danquah faɗuwa ya yi a mazaɓarsa.

Inda aikin tantancewa ya fi wuya, kuma ya fi ƙayatarwa, shi ne batun Marjorie Mensah. A 1931 Danquah ya kafa jarida mai fitowa kullum a Accra, wadda aka fi sani da The Times of West Africa, kuma tun daga farko ta keɓe wani fili na mata wanda ke fitowa da sa hannun wata Marjorie Mensah. Filin yana magana a kan sutura da girki da tarbiyya, kamar yadda aka saba a irin waɗannan filaye, amma yana kuma caccakar maza masu yaudarar 'yan mata, da masu auren zobe a coci suna ajiye wasu matan a waje, da ƙarancin makarantun 'yan mata, cikin Ingilishi mai santsi da ba'a mai cizo wadda ta sa ana jiran fitowar jaridar. Ba a daɗe ba masu karatu suka fara aiko da wasiƙu suna gardama a kan ko wace ce wannan mata, wasu ma suka dage cewa namiji ne ya ɓoye a bayan sunan, bisa zaton da ya yi katutu a zukatan mutanen lokacin cewa macen Afirka ba za ta iya rubutu irin wannan ba. Sunan ya yi ƙarfi har aka tattara wasu daga cikin rubuce-rubucen aka buga su littafi a Landan a 1933 da taken Us Women.

Sunan alƙalami, wato sunan aro da marubuci ke sa hannu da shi domin ya ɓoye nasa, abu ne da ya cika jaridun Afirka ta Yamma a zamanin mulkin mallaka, kuma yana da dalilai masu ƙarfi. Yawancin masu iya rubutu ma'aikatan gwamnati ne ko na kamfanonin Turawa, waɗanda za su iya rasa abincinsu idan aka gane su. Dokokin hana tunzura jama'a suna nan suna jiran wanda ya zarce iyaka. Mace kuma tana da ƙarin abin tsoro, domin 'yar babban gida da ta fito fili tana sukar halayen maza za ta jawo wa kanta da danginta surutu. Sai dai abin da ya kare marubuci a jiya shi ne yake wahalar da mai bincike a yau, domin sunan aro ba mallakin mutum ɗaya ba ne dole. Edita yana iya ƙirƙiro suna ya ba wani ya riƙa rubutu da shi, idan wannan ya yi tafiya ko ya yi rashin lafiya wani ya karɓa, ranar da aka rasa abin cika fili kuma editan ya zauna ya rubuta da kansa, mai karatu kuwa yana can yana zaton murya ɗaya yake ji.

Abin da ya faru da Marjorie Mensah ke nan. Kenneth MacNeill Stewart, ɗan jarida kuma mawaƙi wanda asalinsa daga tsibiran Karibiyan ne, kuma ya yi aikin edita a jaridar, ya yi iƙirarin cewa shi ya ƙirƙiro sunan kuma yana da haƙƙi a kansa, har magana ta kai gaban kotu kafin jaridar ta daina fitowa a 1935. Masu bincike biyu da suka fi kowa bin diddigin wannan al'amari, Stephanie Newell da Audrey Gadzekpo, waɗanda suka tattara zaɓaɓɓun rubuce-rubucen Mabel Dove suka buga a 2004, sun nuna cewa hannu fiye da ɗaya ya taɓa filin, tare da cewa ita ce babbar marubuciyarsa kuma ita ce ta ba shi muryar da aka san shi da ita. Newell ta sake komawa kan batun a littafinta The Power to Name na 2013, wanda ya yi nazarin al'adar ɓoye suna a jaridun yankin baki ɗaya. Saboda haka wanda ya ce Mabel Dove ce Marjorie Mensah bai yi ƙarya ba, amma wanda ya ɗauko jimla ɗaya daga filin, ya rataya mata ita a matsayin maganarta ba tare da ya duba ranar da aka buga ta da salon rubutun ba, ya wuce inda shaida ta tsaya. A nan ne masana ke amfani da abin da ake kira shaidar cikin rubutu, wato kwatanta kalmomin da marubuci ya saba zaɓa, da tsawon jimlolinsa, da batutuwan da yake yawan komawa kansu, da rubutun da aka tabbatar nasa ne. Hanya ce mai amfani, ko da yake tana kai mutum ga rinjayen zato ne kawai, ba ta kai shi ga yaƙini.

Akwai wani abu mai sosa rai a cikin wannan taƙaddama wanda bai kamata a wuce shi da sauri ba. Mutanen da suka ce namiji ne ke rubuta filin sun faɗi haka ne saboda raina basirar mata, kuma da a ce bincike ya tsaya a kan iƙirarin Stewart kaɗai, da raininsu ya zama tarihi, da an shafe sunan matar da ta yi mafi yawan aikin. Bincike mai tsanani, irin wanda ke buɗe tsofaffin shafuka ɗaya bayan ɗaya, shi ne ya dawo mata da haƙƙinta, kuma shi ne dai ya hana a ba ta abin da ba nata ba.

Bayan rufewar jaridar Danquah, Mabel Dove ta ci gaba da rubutu da wasu sunayen. A African Morning Post, jaridar da Nnamdi Azikiwe ya yi wa edita a Accra kafin ya koma Najeriya a 1937, ta sa hannu da Dama Dumas. A Daily Times ta Legas, a tsakanin 1936 da 1937, ta zama Ebun Alakija, suna na Yarabawa wanda zai sa mai karatu a Legas ya ɗauka 'yar gari ce ke magana. A Accra Evening News kuma, daga 1950, ta zama Akosua Dzatsui. Duk wanda ya nemi sunan Mabel Dove kaɗai a cikin tsofaffin jaridu zai fito da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya kuma yanke hukuncin cewa an zuzuta ta, alhali aikin yana nan warwatse a ƙarƙashin sunaye huɗu, a birane biyu.

Ana kiran ta mai fafutukar 'yancin mata, ma'ana wadda ta ɗauki daidaita haƙƙin mace da na namiji a ilimi da aure da aiki da mulki a matsayin abin da take yi wa gwagwarmaya, kuma rubutunta ya tabbatar da hakan, muddin ba a tilasta mata ta yi magana da bakin mutanen yau ba. Mace ce Kirista 'yar manyan gidan boko na bakin teku, tana rubutu da Ingilishi domin 'yan tsirarun da suka iya karanta shi, kuma a cikin filinta akwai nasihohi a kan kamun kai da ladabi waɗanda wasu masu fafutukar zamanin nan ba za su sa hannu a kansu ba. Amma ƙarfin zuciyarta ba abin musu ba ne. A 1932 shahararren marubucin nan George Bernard Shaw ya fitar da wani ɗan littafi a kan wata baƙar yarinya da ta fita neman Ubangiji riƙe da kulki, kuma bayan shekara biyu Mabel Dove ta mayar masa da martani a jarida da labari mai taken The Adventures of the Black Girl in Her Search for Mr Shaw, inda yarinyar ta zama wayayyiyar 'yar makaranta da ta tashi neman shi Shaw ɗin da kansa. A lokacin da Bature ke rubuta abin da ya ga dama a kan macen Afirka ba tare da ya yi tsammanin za ta karanta ba, balle ta amsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gajeren labarinta da ya fi yaɗuwa, Anticipation, wanda aka fara bugawa a 1947, ya nuna yadda take aiki da dabara maimakon hayaniya. Wani basarake mai mata arba'in yana bikin cika shekara ashirin a kan gadon sarauta, sai ya hango wata kyakkyawa cikin masu rawa, hankalinsa ya tashi, ya aika a kai kuɗin aurenta. Da aka kawo ta ɗakinsa yana ta zuba mata kalaman so, sai ta shaida masa cikin ladabi cewa ai ya riga ya biya kuɗin aurenta shekara biyu da suka wuce, matarsa ce da bai gane ba. Marubuciyar ba ta yi wa kowa wa'azi a cikin labarin ba, ta bar mai karatu ya auna da kansa matsayin macen da mijinta bai san fuskarta ba. Langston Hughes ya sa labarin a cikin tarin rubuce-rubucen Afirka da ya fitar a 1960, Margaret Busby ma ta sa shi a cikin Daughters of Africa a 1992, kuma ta wannan hanya ce mutane da yawa a wajen Ghana suka fara jin sunanta.

Batun zama edita gajere ne. Nkrumah ya kafa Accra Evening News a 1948, jaridar ta sha tara da ɗauri da rufewa a hannun gwamnatin mulkin mallaka, kuma a 1951 aka naɗa Mabel Dove editanta, amma ba ta wuce 'yan watanni a kujerar ba aka sauke ta saboda saɓani da shugaban jam'iyyar a kan yadda za a tafiyar da jaridar. Wasu littattafai suna kiran ta mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a ƙasar, wasu suna cewa ta biyu, kuma da yake akwai wasu mata a fagen a daidai wannan lokaci, irin su Akua Asabea Ayisi wadda ta yi aiki a jaridar kafin daga baya ta zama alƙaliyar babbar kotu, abin da ya fi aminci shi ne a ce tana cikin matan farko. Haka nan ba daidai ba ne a kira ta 'yar jarida ta farko a Afirka, domin tun a 1892 Hind Nawfal ta kafa mujallar mata mai suna al-Fatat a Iskandariya ta ƙasar Masar, Malak Hifni Nasif kuma tana rubutu a jaridun Alƙahira da sunan aro na Bahithat al-Badiya tun Mabel Dove tana ƙaramar yarinya.

Kirarin da ya fi kowanne girma, kuma ya fi buƙatar a yi masa iyaka, shi ne na zaɓe. Abin da ya tabbata shi ne cewa ranar 15 ga Yuni 1954 aka yi babban zaɓe a Gwalkwas, wanda shi ne na farko da jama'a suka zaɓi dukan 'yan majalisar dokoki kai tsaye, kujeru 104, jam'iyyar CPP ta lashe fiye da saba'in daga cikinsu, Mabel Dove kuma ta ci kujerar mazaɓar Ga ta karkara, wato ƙauyukan da ke kewaye da Accra, da ƙuri'u fiye da dubu uku, inda ta yi wa lauya Nii Amaa Ollennu, wanda daga baya ya zama shugaban majalisar Ghana, rata mai nisa. Ita kaɗai ce mace a cikin wannan majalisa. Wannan duka yana cikin takardun hukuma, babu mai jayayya da shi.

Matsalar tana tasowa ne idan aka ce ita ce mace ta farko da aka zaɓa zuwa kowace majalisar dokoki a Afirka, domin a wannan siga maganar ba gaskiya ba ce. A 1920 an zaɓi Ethel Tawse Jollie, Baturiya haifaffiyar Ingila, zuwa majalisar dokokin Rodeshiya ta Kudu, ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau. A 1933 an zaɓi Leila Reitz zuwa majalisar Afirka ta Kudu, shekara uku bayan an ba farar fata mata kaɗai damar jefa ƙuri'a. Margaret Ballinger ma ta shiga wannan majalisa a ƙarshen shekarun 1930 a matsayin wakiliyar baƙar fata, waɗanda doka ta hana su wakiltar kansu. Waɗannan majalisu na 'yan kama-wuri-zauna ne, an gina su a kan ware mafi yawan mutanen ƙasa, kuma ana iya fahimtar dalilin da ya sa marubucin Afirka ba ya son lissafa su. Amma majalisu ne, a Afirka suke, mata kuma sun zauna a cikinsu, don haka wanda yake nufin 'yar asalin Afirka wajibi ne ya faɗi haka a fili.

Ko an ƙara wannan sharaɗi, akwai sauran suna guda da dole a tsaya a kansa, wato Jane Vialle, wadda ita ma 'yar jarida ce. An haife ta a 1906 a Ouesso ta ƙasar Kwango, uwarta 'yar ƙasar ce ubanta Bafaranshe, kuma a 1947 aka zaɓe ta ta wakilci Ubangi-Shari, wato Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta yanzu, a majalisar dattawan Faransa, inda ta zauna har 1952, ta kuma rasu a 1953 sakamakon hatsarin jirgin sama. Ta riga Mabel Dove da shekara bakwai. Bambancin shi ne majalisar da Vialle ta shiga a birnin Faris take, ta Faransa ce, kuma 'yan majalisar yankin ne suka zaɓe ta, ba talakawa masu layi a rumfar zaɓe ba. Idan aka tace maganar ta wannan hanya, abin da ya rage a hannu shi ne cewa Mabel Dove ce 'yar asalin Afirka ta farko da jama'a suka zaɓa da ƙuri'unsu kai tsaye zuwa majalisar dokokin ƙasarta a cikin nahiyar. Jimlar ta fi tsawo, ba ta da daɗin rerawa kamar ta farkon, amma tana jure bincike, kuma girman abin da take nunawa yana fitowa idan aka tuna cewa sai a 1957 Rawya Ateya ta shiga majalisar Masar, Senedu Gebru ta shiga ta Habasha, sai kuma a 1961 aka zaɓi Margaret Ekpo zuwa majalisar Jihar Gabas a Najeriya. A Jihar Arewa kuwa, inda Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a ƙarƙashin tutar jam'iyyar NEPU tana neman wa mata ƙuri'a a cikin waɗannan shekaru, mata ba su samu damar zaɓe ba sai a 1976, ba su kuma jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa ba sai a 1979, shekara ashirin da biyar bayan nasarar da aka samu a mazaɓar Ga.

Akwai kuma kuskuren da ke zuwa ta ɗaya gefen, wanda yake rage wa Mabel Dove maimakon ya ƙara mata. Zamanta a majalisa bai wuce shekara biyu ba, domin an sake zaɓe a watan Yuli 1956 ba ta koma ba, majalisar da ta karɓi mulkin kai a 1957 kuma ba ta da mace ko ɗaya. Wannan giɓi ne ya sa gwamnatin Nkrumah ta yi doka ta musamman wadda ta keɓe wa mata kujeru goma, aka cika su a 1960, cikinsu har da Susanna Al-Hassan daga arewacin ƙasar, wadda daga baya ta zama minista. Shi ya sa ake samun rubuce-rubucen da ke cewa matan 1960 su ne 'yan majalisa mata na farko a Ghana, su bar Mabel Dove a waje. Idan ana nufin ƙasar da ke ɗauke da sunan Ghana bayan samun 'yancin kai, maganar tana da madafa. Idan ana nufin tarihin majalisar ƙasar tun daga tushe, to an tsallake mace guda wadda ta shiga ba tare da an keɓe mata kujera ba, ta tsaya takara da maza a mazaɓa ta kayar da su.

Ta ci gaba da rubutu bayan barin majalisa har zuwa farkon shekarun 1970, lokacin da ciwon ido ya raba ta da alƙalami, an buga wasu gajerun labaranta tare da na Phebean Itayemi a littafin The Torn Veil and Other Stories a 1975, ta kuma rasu a 1984. Mafi yawan abin da ta rubuta bai taɓa zama littafi ba, yana nan a shafukan jaridun da aka buga a kan takarda mai arha wadda zafi da laima da gara ke ci, wasu kwafe a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Accra, wasu a Laburaren Birtaniya a Landan, wasu an ɗauke su a siririn fim da ake karantawa da na'ura, inda mai bincike zai zauna yana murɗa hannu shafi na wucewa a gabansa har ya kai ga kusurwar da aka sa hannun Dama Dumas ko Akosua Dzatsui. Littafin da Newell da Gadzekpo suka fitar a 2004 zaɓi ne kawai daga cikin wannan tari, kuma rubuce-rubucen Ebun Alakija a Daily Times ta Legas, waɗanda suka fi kusa da hannun ɗaliban jami'o'in Najeriya, suna cikin ɓangaren aikinta da ya kamata masu nazarin tarihin jarida a ƙasar su buɗe su karanta.